Saitin Tudu

Kwana uku likita ya ba su. Bai ce Burul-apa za ta mutu a na huɗu ba, likitoci ba sa magana haka. Ya dai kama hannunta ya nuna wa ɗanta Toktosun faratan da suka koma shuɗi, ya ce zuciyarta ta gaji da siririyar iskar Murgab. A sauke ta Osh wurin 'yarta Kanishai, kusa da babban asibiti, kuma kada a bari Juma'a ta same ta a kan tudun nan. Ranar Talata ce da hantsi.

Toktosun ya mai da ita gida ya kwantar, ya fito ya rasa inda zai sa kansa. Ya nufi tasha, ya tarar da abin da ya riga ya sani: jif ɗin Osh guda ɗaya, direba na barci a ciki, fasinja biyu kacal, kuma ba za ta motsa ba sai ta cika bakwai, ko yau ko jibi. In ma ta cika, ina tsohuwar da ko zama ba ta iyawa za ta miƙe ƙafa a tsakiyar mutum bakwai da buhunansu? Ya juyo gida da sauri, ya tsaya gaban motarsa yana hararar ta.

UAZ ce ta zamanin Sobiyet, irin wadda kowa ke kira Burodi saboda siffarta, kuma gadon ubansa ce. Shekara goma sha ɗaya yana jigilar makiyaya da ita zuwa wuraren kiwon bazara, da dardumansu da tukwanensu da 'yan maruƙan yak, shanun tudu masu gashi, ya dawo da busasshen kashin shanu na girki. A duk shekarun nan bai taɓa wuce tafkin Karakul da ita ba. Wata biyu ke nan kuwa tana tari, tana fitar da baƙin hayaƙi, in ta ga tudu sai ta hau kakari. Tsakaninsu da Osh ga Ak-Baital, mashigin dutsen da ko sabuwar mota sai ta yi nishi kafin ta haye shi. A yadda Burodi take, ko rabinsa ba za ta kai ba.

Dole sai Usta Mamatkul.

Garejin Usta wata tsohuwar kwantena ce a bayan kasuwa. Shi kansa gajeren tsoho ne, kunnensa ɗaya ya mutu tun yana soja, da ɗayan yake cin abinci. Ya sa aka tayar da motar, ya ɗora bakin sanda a jikin inji, ɗaya bakin a kunnen nan mai rai, ya lumshe ido. Toktosun na tsaye yana canja ƙafa, yana duba agogo.

"Ina za ka da ita?" in ji Usta.

"Osh. Apa ce ba lafiya, likita ya ce..."

"Osh. Somoni ɗari shida. Ka bar ta, ka dawo gobe da la'asar."

"Ɗari shi... Usta, ko da mataccen kunnen ka saurare ni? Saiti na ce, ba sabon inji ba. Watan jiya ɗari uku ka yi wa Jumabai."

"Jumabai nan Alichur yake zuwa."

"To ina ruwan kafireta da sunan gari?"

"Mai sauka ɗari shida ne."

"Sukurori biyu fa za ka murɗa! Aikin minti goma. Shekara da shekaru ina tsaye a kanka ina gani."

"Af, ashe ka iya. Ga sukundireba can kan tebur, aro kyauta ne."

Wasu 'yan zaman kashe wando biyu da ke shan shayi a bakin kwantenar suka kwashe da dariya. Ran Toktosun ya ɓaci, idonsa ya rufe.

"Don ka ji uwata ce a kwance shi ne ka ninka kuɗi? Ka ji tsoron Allah, tsoho. Da ciwon mutane kake kiwon tumbinka!"

Usta ya ajiye sandar. Sannan ya juya masa mataccen kunnen, ya ci gaba da wanke wani ƙarfe a cikin fetur.

Ni dai ban wanke Mamatkul ba. Kalma goma ta ishe shi ya yi bayani. Amma shi irin mutanen nan ne da suka koyi sana'a a hannun maigidan da ke amsa tambaya da sufana a ƙeya, suka taso suna ganin bayani zubar da girma ne. Toktosun kuwa, kada wani ya ce babu ce ta hana shi, kuɗin na cikin aljihunsa. Asibitin Osh yake tunawa, inda aka ce ko sannu sai da kuɗi. Yana kuma tuna "gobe da la'asar" ɗin nan da za ta cinye masa yini guda cur cikin ukun. Sannan, a faɗi gaskiya komai ɗacinta, akwai dariyar mutanen nan biyu.

Ya ja motarsa gida ya ɗage murfin inji. Injin Burodi a ciki yake, tsakanin kujerar direba da ta fasinja, don haka a durƙushe kan kujera ya yi aikin, iska na ta buga ƙofa. Abin da ya sani shi ne abin da duk ɗan Murgab ya sani tun yana goye: a nan iska ba ta da ƙarfi, motar da ke tari mai ne ya yi mata yawa. Rage mata mai, gaggauta mata wuta, shi ke nan. Ya kwance kafireta ya wanke ta tas. Ya zaro 'yan ƙananan jet ɗin nan na tagulla da mai ke bi ta hudarsu, ya ɗaga su sama ya leƙa. Da Usta ne canja su zai yi da masu ƙaramar huda, shi kuwa ba shi da su. Sai ya yanko igiyar wani mataccen dutsen guga, ya zare silin jan ƙarfe siriri kamar gashi, ya zura ɗaya a kowace huda ya lanƙwasa bakin don kada ya fita. Ya sassauta distirbuta ya riƙa murɗa ta kaɗan-kaɗan, ya tayar ya kashe, ya tayar ya kashe. Sau uku sukuru na faɗa masa ƙarƙashin mota, sau uku yana rarrafe a ƙasa yana tsaki. Tsakani kuma sai ya ruga cikin gida da baƙin hannu ya leƙa ko ƙirjin tsohuwa na motsi.

"Ka shigo sau tara," in ji ta, numfashi na tsinka mata magana. "In na mutu... zan aiko a gaya maka. Je ka... ka ƙarasa ɓata motar ubanka."

Can wajen la'asar injin ya kama wata irin murya da Toktosun bai taɓa ji ba, lafiyayya, ba tari ba gargada. Ya leƙa salansa, ba hayaƙi. Ya hau tudun bayan gari da giya ta uku, tudun da jiya ko da ta ɗaya sai an haɗa da addu'a. Kai! Daɗi ya kashe shi. Ya gangaro ta bayan kasuwa ya wuce gaban kwantenar yana danna hon, ya zagayo ya sake wucewa, ya leƙo ta taga ya shaida wa masu shayi cewa da silin dutsen guga ya yi, ko diram ɗaya bai kashe ba. Usta bai ko ɗago kai ba.

Ana idar da sallar asuba suka tashi. Ya shimfiɗa katifu biyu a baya ya jera matasai. Matarsa ta lulluɓe tsohuwar da bargo uku, ta tura ƙullin gurasa da busasshen cuku ƙarƙashin kujera. Burul-apa ba ta waiwayi gidan ba, ta ce in ta waiwaya ba za ta tafi ba.

Hanyar Ak-Baital rabinta tsakuwa ce mai tudu-tudu da ke karkaɗa wa mutum haƙora. Toktosun ido ɗaya a hanya, ɗaya a madubi. Duk hawan da suka ƙara, leɓɓan tsohuwar ƙara duhu suke. In ya taka totur ramuka su jijjiga ta, in ya sassauta ya ga shi ne ke riƙe ta a inda iska ba ta isar ta. Ya taka, ya saki, ya sake takawa. Burodi kuwa sai hawa take kamar akuya. Kusa da ƙololuwa suka wuce wata jif sabuwa fil ta masu yawon buɗe ido, an wangale mata baki, direban na fifita ta da hula.

"Apa, kin gani? Kin ga aikin ɗanki?"

Ba amsa. Ya waiwaya gaba ɗaya har motar ta nufi rami. Idonta a rufe, bakinta a buɗe, bargon na ɗagawa da ƙyar. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya daina yi mata magana ya koma lallashin motar: "Daure, 'yar gari. Daure, saura ƙiris."

Suka haye. Karakul ya wuce ta hagu bai ko kalle shi ba. A kan iyakar ƙasa, sojan da ya leƙo ya ga fuskar tsohuwar ya buga musu hatimi bai sa an sauke kaya ba. A Sari-Tash kowa kan tsaya shan shayi, su ba su tsaya ba. Suka haye mashigin Taldik, daga nan hanya ta kama nannaɗewa tana gangarawa, kwana bayan kwana, har kunnuwan Toktosun suka toshe, suka buɗe, suka sake toshewa.

Sai ga itatuwa. Ga ciyawa har gwiwa, ga kogi na kumfa a gefe, ga mata a bakin hanya da bokitan tuffa. Zafi ya riƙa shigowa ta taga. Yana kokawar cire rigar sanyi da hannu ɗaya sai ya ji murya a bayansa, garau:

"Wai a motar nan ba a ba baƙo shayi ne?"

Saura kaɗan ya saki sitiyari. Burul-apa ce, ta yaye bargunan ta tashi zaune da kanta. Ya taka birki a gefen hanya ya zagayo da gudu, ya kama hannunta ya duba. Faratan sun fara ja-ja.

"Sakar mini hannu, ba sayar da shi zan yi ba. Mai da ni gaba, na gaji da kallon ƙeyarka."

Ya ɗauke ta cak ya zaunar a kujerar gaba, ya sayo mata tuffa, ya tsiyaya mata shayi daga fulas. Ta ja dogon numfashi ta sauke, ta sake ja.

"Kai, iskar nan har tauna ta ake yi," in ji ta. "Ashe haka mutanen ƙasa ke shaƙa kullum? Shi ya sa suka yi ƙiba, suka yi surutu."

Toktosun ya yi dariya har da hawaye. Rabonsa da jin ta faɗi magana doguwa haka ba tsinkewa tun hunturun bara. Suka ci gaba, tana ta sharhi a kan gonakin mutane, waccan ba a cire mata ciyawa ba, wancan jakin yunwa yake ji, shi kuma yana biye mata.

Hirar ce ta hana shi jin ƙarar da wuri. Da ya ankara, tana nan duk sanda ya taka totur: ƙas-ƙas-ƙas, kamar tsakuwa a gwangwani. In ya saki ta ɗauke, in ya taka ta dawo. Allurar zafi ta bar inda take zama shekara goma sha ɗaya ta fara kwantawa dama. Burul-apa ta ɗora hannu a murfin inji ta janye da sauri.

"Toko, a nan ai sai a gasa gurasa."

Suna wuce garin Gulcha ya tsaya a bakin kogi. Ya ɗage murfi, zafi ya daki fuskarsa. Ya naɗe hannu da tsumma ya kwance filogi ɗaya ya duba. Fari fat, kamar an shafa masa alli. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin farin filogi ba, na Murgab duk baƙi ne wuluk da kunkunniya. Da direban ƙasa ne ya ga wannan, da ya dafe kai ya yi salati. Toktosun murmushi ya yi, shi a ganinsa tsafta ce.

To in filogi lafiya lau, me ke ƙara? Ya zagaya motar sau biyu. Ya tsuguna ya leƙa ƙasanta, ya miƙe, ya duba agogo, ya dubi rana. Ya ciro wayarsa ya nemo sunan Usta, babban yatsansa na kai. Sai ya tuna kunnen da aka juya masa, da hon ɗin da ya danna har sau biyu. Ya mai da wayar aljihu.

Magani ɗaya ya sani, kuma jiya-jiya ya ga aikinsa. Mota ta yi gardama, mai ne ya yi yawa. Wataƙila jijjigar hanya ce ta sassauta aikin. A nan bakin kogi ya buɗe kafireta yana ƙona yatsu, ya ƙara sili ɗaya a kowace huda, ya ƙara matsa wuta gaba kaɗan, ya cika lagireto da ruwan kogi. Rashin sani ya fi dare duhu. Tsohuwa na zaune tana gatsar tuffa tana kallonsa.

"Ka tabbata, Toko?"

"Apa, wa ya haye da ke Ak-Baital?"

Ta ci gaba da tauna.

Saura mashigi ɗaya, Chirchik, wanda a wurin ɗan Murgab ko sunan tudu bai cancanta ba. In an haye shi sai Osh, tafiyar awa guda da 'yan kai. A kwana ta farko ƙarar ta tashi daga tsakuwa ta koma guduma. A ta biyu ƙarfi ya zube, ya sauko giya ta biyu, ya sauko ta ɗaya. Hankali ya ce masa tsaya, agogo ya ce taka. Ya taka har ƙasa. Sai wani abu ya ce tau! a tsakaninsu, farin hayaƙi mai warin baƙin mai ya tuntsuro ta ƙarƙashin murfi ya cika motar. Burodi ta yi tsalle biyu ta mutu.

Ya ja birkin hannu, ya dira, ya zagayo ya fito da ita. Ya jawo katifa ya shimfiɗa a inuwar motar ya jingina ta da taya. Tari ya sarƙe ta ya ƙi saki. Ta dafe ƙirji da hannu biyu, jan nan da ya dawo fuskarta ya fara janyewa a gaban idonsa. A nan ya gane sauƙin da ya gani ba warkewa ba ne. Hutu zuciyar ta ɗan samu, ga shi hayaƙi da zafi sun ƙwace.

Ya fita tsakiyar hanya yana ɗaga hannu. Mota ta farko a cike, ta biyu a cike har da yaro a cinya. Wata babbar mota mai kayan kankana ta zo tana rarrafe, direban ya nuna masa mutum uku a gaba ya ɗaga kafaɗa. Toktosun ya ruga wurin tsohuwa ya jiƙa mata leɓe da shayi, ya ruga ya koma hanya, ya sake rugowa ya murɗa makulli. Injin ya juya fayau ba nauyi, bai ko yi alamar kamawa ba. Sai a sannan ya danna sunan.

"Wa ke nan?" in ji muryar Usta.

"Ni ne, Usta. Toktosun."

"A'a, babban injiniya. Kana ina?"

"Hawan Chirchik. Ta mutu. Hayaƙi ta..."

"Filogi wane launi?"

"Fari."

"Ka cire silin kafin ka sauka?"

"Wane..."

"Silin dutsen guga mana. Duk kasuwa ta sani, ba kai ka yi shela da hon ba? Ka cire a gindin Taldik?"

"Na ƙara ɗaya. A Gulcha."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wuta fa?"

"Na ƙara matsa ta gaba."

Toktosun ya ji tsohon ya sauke numfashi, ya ji ƙarar ƙarfe an jefar a kan tebur.

"Yaro, saitinka na tudu ba laifi, na ji ta da ka wuce, har na ce a raina ashe yana da kunne. Amma iskar ƙasa kauri gare ta. Iska da yawa, mai kaɗan, wuta da wuri, ai maƙera ka hura ba inji ba. Ka narka fistin. Ɗari uku na hawa ne, ɗari uku na sauka. Mai sauka ina ba shi jet na ƙasa a kwalin ashana, in yi masa alama biyu da fenti a jikin distirbuta, ja na tudu, fari na kwari. Ya tsaya gindin Taldik ya canja, in zai dawo ya sake canjawa. Yinin da na ce ka ba ni, na huda su ne daidai da injinka."

"Me ya hana ka gaya mini, Usta?"

"Ka tambaya? Zagi ka yi." Sai kuma muryar ta sauko. "Yaya tsohuwa?"

"Numfashin ya dawo mata. Tana... ban sani ba, Usta, ban sani ba."

"To me kake yi da ni a waya? Rabu da motar, ta riga ta tafi. Kwanta a tsakiyar hanya in ta kama. Maza!"

Bai kai ga kwanciya ba. Wata 'yar ƙaramar mota fara ta wuce shi, sai ya ga matar da ke gaba tana dukan kafaɗar mijinta, motar ta tsaya ta dawo da baya. Masu sayar da zuma ne, mata da miji da ƙannen matar biyu a baya, jarkoki har rufi. Matar ta fito ta dubi Burul-apa sau ɗaya ba ta tambayi komai ba, ta hau ba da umarni. Aka ɗora wa 'yan matan jarka a cinya, aka matsa, wuri ɗaya ya fito.

"Ni ko a but ne," in ji Toktosun. "Ko a kan jarkokin. Wallahi ba ni da nauyi."

Mijin ya buɗe masa but ɗin ya gani da idonsa. Ko kyanwa ba za ta shiga ba.

"Ɗan'uwa, wuri ɗaya ne," in ji matar. "Uwa ai ta kowa ce. Rubuta mini lambar wanda zai tare ta."

Ya rubuta lambar Kanishai a bayan takardar likita. Ya ɗauki uwarsa ya shigar da ita tsakanin baƙi, ya gyara mata matashi, ya sake gyarawa. Ta kama hannunsa mai baƙin mai ta juya shi, ta dubi yatsun da suka tashi da ƙuna.

"Sa musu... ruwan sanyi," ta ce.

Aka rufe ƙofa. Motar ta ja a hankali saboda nauyi, ta sha kwana ta ɓace. Yana tsaye a wurin sai abin ya faɗo masa: bai tambayi sunansu ba, bai duba lambar motar ba. Fara ce, ƙarama, iyakar abin da ya sani ke nan. Ya ba da uwarsa ga mutanen da ko garinsu bai sani ba.

Ya kira Kanishai, ba ta shiga. Sabis ɗin da ya kai shi har Murgab ɗazu yanzu ya ɗauke. Ya haura kwanar da gudu yana ɗaga wayar sama, layi ɗaya ya fito ya ɓace. Ya gangaro, don ya bar motar a buɗe. Ya naɗe katifa, ya warware ta, ya zauna a kai, ya miƙe. Iskar nan mai kauri ta sa kansa ya yi nauyi, gumi na bin bayansa. Ya lissafa: yanzu sun kai ƙololuwa. Yanzu suna gangara. In numfashin ya tsaya a hanya fa, wa zai laƙƙana mata kalmar shahada, 'yan matan zuma? Ya ture tunanin ya koma cikin mota. Ya kwance filogai huɗu ya jera a kan kujera, na uku bakinsa ya narke. Ya zura siririn ƙarfe ta ramin, ƙarfen ya wuce zuruf har ƙasa bai taɓa komai ba. Ya zaro shi ya jefar cikin ciyawa.

Inuwar dutse ta haɗiye hanya, an kusa magariba, sai wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Sau biyu tana kuɓuce masa kafin ya ɗauka.

"Toko? Toko, kana ji na?" Kanishai ce.

"Eje, yayata! Ta iso? Tana..."

"Ta iso. Har ƙofar asibiti suka kawo ta, bayin Allah, ko shayi sun ƙi tsayawa su sha. An kwantar da ita, an sa mata robar iska a hanci. Likita ya ce za su riƙe ta, amma an zo a kan kari."

Ya zauna a kan matakin motar.

"Kuma ta ƙi yin shiru," in ji Kanishai, dariya da kuka na haɗe a muryarta. "Sai ta ture robar ta hau ba ma'aikatan labari. Wai ɗanta da hannunsa ya gyara mota, ta haye Ak-Baital ko tari ba ta yi ba, har kuka wuce sabuwar jif ta Turawa a tsaye. Sau uku ke nan tana faɗa. Na ce mata to ina ɗan naki, me ya sa baƙi suka kawo ki? Ta ce ai ba komai, mai ne ya ƙare muku a Chirchik. Toko, kai ma dai! Yanzu zan sa maigidan ya taho maka da shi. Lita nawa zai isa?"

Toktosun ya juya ya dubi bayan motar. Jarkoki biyu na fetur na nan a ɗaure, ko buɗe su bai yi ba. Tsohuwa ta ga komai da idonta, ta ji duk abin da ya faɗa wa Usta.

"Toko? Lita nawa?"

Ya buɗe baki zai gaya mata gaskiya, kuka ya riga shi.